Ƙofar da ta ƙi buɗuwa: nasiha ga ɗana a Tama

Ɗana, labarin abin da ke damunka ya iso mini. Ka ɗora sabar wasan Minecraft a kan tsohuwar kwamfutar nan, kana so 'yan'uwanka da ke Yamai da Abijan da Kano su riƙa shigowa da dare kuna gini tare. Kai da ke cikin gida kana shiga lafiya lau, su kuwa wayarsu sai ta yi ta juyi, daga bisani ta ce ba ta samu duniyar taka ba. An ce har ka fara zargin kanka da rashin basira.

Basirarka lafiyarta ƙalau. Kuma ba zan bi sahun tsararrakina in ce maka wasa shiririta ne ba. Mu mutanen Adar mun san tafiya. Da an gama girbi, motocin Madawa da Buza da Keita sukan kwashe samari, wasu kurmi, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, gari ya rage sai tsofaffi da mata da yara. A zamaninmu murya ake ɗauka a kaset a ba matafiyi, a zauna jiran amsa har a gaji. Idan yau akwai abin da zai haɗa ka da wanka da ke fama a kasuwar Ajame ta Abijan, ku yi awa guda kuna dariya, ni zumunci nake kiransa. Sai dai ina so ka yi aikin da tsari, don kada ka ƙarar da barcinka da kuɗin datarka a kan abin da ba a hannunka yake ba.

Ka fara da gane abin da ake nema. Akwatin wifi ɗin nan da masu sana'ar suke kira rauta, matsayinsa na dattijon da ke zaune a zaure ne. A idon mutanen waje gidan duka adireshi ɗaya gare shi, amma a ciki ɗakuna ne da yawa: wayarka, wayar innarka, kwamfuta. In ɗan gida ya yi aike waje, dattijon yana riƙe da sunan mai aiken, amsa tana zuwa ya san ɗakin da zai miƙa ta. Shi ya sa WhatsApp da YouTube ba su taɓa wahalar da kai ba, kai ne kake fara nemansu. Haka ma PUBG da Free Fire da eFootball: sabarsu tana hannun kamfanonin da suka yi su, kowa can yake zuwa. Amma baƙon da ya yi sallama ba tare da wani ya aika masa ba, dattijo bai san wa yake nema ba, sai ya ce masa Allah ya ba da haƙuri. 'Yan'uwanka irin waɗannan baƙin ne. Abin da ake ce wa tura ƙofa umarni ne kawai da kake bar wa mai zauren: duk wanda ya zo da lamba kaza, a kai shi ɗaki kaza. Lambobin ƙofofin sun kai 65,535, kowane wasa da tasa.

To, ga inda gizo yake saƙar. Wannan umarnin yana aiki ne in zaurenka a bakin titi yake. A Tama, kamar akasarin garuruwan Nijar, intanet ta layin waya take zuwa, ko SIM ɗin yana cikin wayar hannu ko yana cikin akwati, na Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Télécoms. Kamfanonin wayar salula kuwa, a nan da kusan ko'ina a duniya, ba sa ba kowane mai layi adireshin kansa. Sukan tara jama'a masu yawa a bayan adireshi guda. Ke nan zaurenka ba titi yake kallo ba, cikin wani babban zaure yake buɗewa, mai tsaron wancan kuma na kamfani ne, ba ya karɓar umarni daga gare ka. Ana kiran tsarin CGNAT. Idan haka layinka yake, ko ka kwana dubu kana cika akwatunan rauta daidai, baƙonka a ƙofar farko za a mayar da shi, bai ma san akwai naka zauren ba.

Ba mugunta ta sa suke haka ba, ƙarancin adireshi ne. Tsarin da ake kira IPv4 an rubuta shi a 1981, adireshinsa duka bai wuce biliyan 4.3 ba, mutanen duniya kuma sun haura biliyan 8 tun 2022. Waɗanda suka riga kowa zuwa su suka kwashi rabo mai tsoka. Kamfanin Apple shi kaɗai yana riƙe da duk adireshin da ya fara da 17, sama da miliyan 16. A watan Fabrairun 2011 babbar hukumar da ke rabon ta miƙa gungu na ƙarshe da ya rage mata. AFRINIC, wadda ke raba wa Afirka daga ofishinta a tsibirin Moris, ita ma tun 2020 da ɗan cokali take rabawa. Lokacin da wayar Android ta cika kasuwannin Tawa da Ƙwanni, tukunyar ta riga ta kusa kaiwa ƙanzo. Ni a ganina rabon bai yi adalci ba, amma ƙorafina ba zai buɗe maka ƙofa ba.

Saboda haka, kafin ka sake taɓa komai, ga abin da za ka duba, kuma bai kai minti biyar ba. Juya akwatin wifi ɗin, a ƙasansa akwai takarda manne da ke ɗauke da adireshin shiga, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, na Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza, ka shiga, ka nemi shafin da ke nuna halin da na'urar take ciki. Akwai layin da aka rubuta WAN IP. Kwafe lambar a takarda da biro. Sannan, kana kan wifi ɗin dai, ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke gaya wa mutum adireshin da duniya take ganinsa da shi, ka kwafe wannan ma a ƙarƙashin ta farko. In lambobin biyu iri ɗaya ne, alhamdu lillahi, kana da ƙofar kanka. In sun bambanta, ko ta farkon ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, ko tsakanin 172.16 da 172.31, to akwai wani zaure a gabanka. Wannan zangon na 100.64 an keɓe shi ne a 2012 musamman domin kamfanoni su yi irin wannan tarin. Da ka gan shi, ka ajiye batun tura ƙofa, ka huta.

Akwai dai wani cikas mai kama da wannan da kai kanka za ka iya warwarewa. Idan lambar ta fara da 192.168, yawanci akwatuna biyu ne a jere cikin gidanku: mai SIM yana ba wa na biyu, na biyu yana ba wa kwamfuta, kai kuma a na biyun kaɗai ka bar umarni. Ka haɗa kwamfutar da na farko kai tsaye, ka sake dubawa daga can. In kuwa daga wayar hannu kake raba intanet, to ita wayar ba ta da wurin tura ƙofa sam, kada ka wahalar da kanka wajen nema.

Na san wani zai ce maka maganin shi ne Starlink, tun da ya fara aiki a Nijar a 2025. Saurinsa ba abin musu ba ne, taurarinsa kuma a kusa suke, kimanin kilomita 550 daga ƙasa, shi ya sa jinkirinsa bai kai na tsofaffin taurarin ɗan'adam ba. Amma a tsarinsa na gidaje shi ma CGNAT yake amfani da shi a kan IPv4. Kada a sayar da tunkiya a saye shi da niyyar buɗe ƙofar wasa. Abin da yake bayarwa shi ne IPv6, sabon tsarin da adireshinsa ba ya ƙarewa, kowace na'ura da nata. Shi ne mafita ta gaskiya, sai dai dole layin wanda zai shigo shi ma ya kasance yana da shi, wannan kuwa sai kowannensu ya duba nasa.

Mu ɗauka ka yi sa'a, lambobin sun zo ɗaya, ko ka je ofishin kamfani sun sayar maka da adireshin kanka, domin wasu sukan yi wa 'yan kasuwa da ma'aikatu haka da ƙarin kuɗi. A nan bincike daga ciki yake farawa ya fita waje, kuma abu ɗaya ake sauyawa a gwada kafin a taɓa na gaba. Wanda ya sauya abu biyar a lokaci guda, ko ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, gobe in ya sake lalacewa ya koma farko.

Ka ce kana shiga daga cikin gida, madalla, sabar tana raye ke nan. Amma da wace na'ura ka shiga? Ka gwada da wayar wani da ke kan wifi ɗinku, ka sa mata adireshin kwamfutar na cikin gida. In ta kasa, laifin ba na rauta ba ne, katangar tsaron Windows ce ta tare. Ranar farko da ka kunna sabar, wani ɗan allo ya fito yana tambaya ko a bar shirin ya yi magana da waje, mutane da yawa sukan rufe shi ba su karanta ba. Ka shiga saitin katangar ka ba wa shirin sabar izini, shi kaɗai. Ka kuma duba ko Windows ta ɗauki wifi ɗin gidanku a matsayin na wurin taron jama'a, domin in haka ne takan tsananta tsaro.

Sai kuma batun da ya fi kama samarinmu. Minecraft iri biyu ne. Akwai Java, na kwamfuta, ƙofarsa 25565, ta hanyar TCP. Akwai Bedrock, wanda shi ne ke kan wayoyi, ƙofarsa 19132, ta hanyar UDP. Yawancin bidiyon koyarwa da kake kallo yaran Turai da Amurka ne suka yi su, su kuwa da kwamfuta suke wasa, sai ka ji suna ta 25565. 'Yan'uwanka da waya suke wasa. In Java ka ɗora, wayarsu ba za ta shiga ba ko ƙofa a wangale take, sai an ƙara wani shiri mai suna Geyser da ke yin tafinta a tsakani. In Bedrock ka ɗora amma ka zaɓi TCP a rauta, daidai yake da ba ka buɗe komai ba. Shafin da ake wannan saitin sunansa yakan bambanta, wani akwatin ya rubuta Virtual Server, wani NAT, mai Faransanci kuma Redirection de ports. Cikinsa dai abu huɗu ne: lambar waje, lambar ciki, TCP ko UDP, da adireshin kwamfutar. Sannan ka tabbatar wasan da ke wayoyinsu da sabar taka zubi ɗaya ne, domin waya takan sabunta kanta cikin dare ta bar sabar a baya.

Adireshin kwamfutar nan kuwa, a ƙasarmu shi ne mai yawan zamewa. Rauta aro take ba kowace na'ura lamba. Yau kwamfutar tana 192.168.8.100, ka rubuta haka a umarninka, komai ya tafi daidai. Wuta ta ɗauke, ko batirin sola ya yi sanyi da asuba, akwatin ya mutu ya farfaɗo, wayar innarka ta riga kwamfutar haɗawa ta karɓi 100, kwamfutar ta samu 101. Daga nan duk baƙin da suka zo wajen wayar inna ake kai su. Ka buɗe baƙin allon umarni na Windows ka rubuta ipconfig, zai nuna maka lambar da take ɗauke da ita yanzu. Sannan a saitin DHCP na rauta ka ɗaure wannan lambar ga kwamfutar dindindin. Adireshin waje shi ma yakan sauya, don haka ko ka riƙa aika musu da sabon duk dare, ko ka yi rajistar suna kyauta a DuckDNS ko No-IP, sunan ya riƙa bin lambar duk inda ta koma.

Gwajin ma da nasa tarkon. In kana cikin gida ka rubuta adireshin waje, akwatuna da yawa ba su iya juyo da kai ciki, sai ka ɗauka ƙofa a rufe take alhali a buɗe take. Ka kashe wifi a waya, ka kunna data, ka gwada kamar baƙo. Shafukan da ke duba ƙofa kuma akasari TCP suke dubawa, za su ce maka 19132 a rufe take ko da lafiyarta lau. Ko ta Java ce, sai sabar tana kunne za su gan ta.

Yanzu mu koma ga abin da na fi zato, wato CGNAT ne. Ba ƙarshen zance ba ne. Dabarar ita ce kowa ya zama mai fita, kada a samu baƙo. Mafi sauƙi tana cikin wasan kansa: a Bedrock, in kowannenku yana da asusun Microsoft kuma kun ƙulla abota a ciki, za ka buɗe duniyarka a waya su shigo, muddin kana ciki. Sau da yawa wannan ya wadatar, ka fara da shi. In kana son sabar da ke kan kwamfutar, akwai Tailscale da ZeroTier: kowa ya sauke a wayarsa, ka gayyace shi, sai na'urorinku su zama kamar a wifi ɗaya suke, ba wanda zai gan ku daga waje. Tailscale shi ma lamba mai farawa da 100 zai ba ka, kada ta firgita ka, ita ce za ka aika musu. Akwai playit.gg, wanda ke ba ka adireshin waje daga wurinsu ya janyo baƙi zuwa gare ka, su ba sai sun sauke komai ba. Akwai Aternos, wani kamfanin Jamus da ke ɗaukar sabar kyauta, sai dai akan bi layi kafin ta tashi, kuma takan kashe kanta in ba kowa. Realms na masu wasan ne da kansu, ana biya duk wata, mutum goma suna shiga lokaci guda ban da mai shi, amma yana son hanyar biya ta intanet. Da ni ne, ganin yadda rezo yake wasan ɓuya tsakanin duwatsun Adar, da sabar ta zauna a waje ta fi. In tana ɗakinka, rezon Tama na tangarɗa kowa ya faɗi, na Abijan da na Kano duka. In tana waje, kai kaɗai za ka fita ka dawo. Na san daɗin a ce abin a ɗakinka yake, kuma abin da kake koya a wannan faman ba asara ba ne, shi ne aikin da ake biyan mutane albashi a kansa a bankuna da ma'aikatun Yamai. Ka auna da kanka.

Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne kada gajiya ta sa ka rushe katanga. Za ka ji masu cewa kashe tsaron Windows gaba ɗaya, ko sa kwamfutar a DMZ, wanda ma'anarsa duk wanda ya zo da kowace lamba a kai shi gare ta. Kada ka ce wa ya san da wani yaro a Tama. Ba mutum ne yake nema ba, na'urori ne suke zagaye adireshin duniya kaf, kuma tun 2013 masu bincike suka nuna ana iya gama zagayen cikin ƙasa da awa guda. A 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan akwatunan intanet da kyamarori, ba da wani tsafi ba, da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ce, wadda masu su ba su sauya ba. Aka yi amfani da su aka durƙusar da Twitter da Netflix na sa'o'i a Amurka. Samari uku da suka ƙirƙiro ta sun amsa laifinsu a 2017, kuma neman kuɗi a harkar sabar Minecraft yana cikin abin da ya kai su. A Disambar 2021 kuma aka gano wata ɓaraka a wani shiri mai suna Log4j, wadda ta sa layi guda da aka rubuta a akwatin hira na Minecraft Java yana iya ba wa baƙo iko da kwamfutar da ba a sabunta ba. Kwamfutar nan taka akwai hotunan gida a ciki, akwai takardun makaranta.

Saboda haka yau ɗin nan ka sauya kalmar sirrin rauta in har yanzu admin ce. Ƙofa ɗaya tak za ka buɗe, in kun daina wasan ka goge umarnin. Ka kunna jerin waɗanda aka yarda su shiga, ka rubuta sunayen 'yan'uwanka kaɗai. Ka kuma sani, in kwafin sata kuke amfani da shi har ka kashe tantance asusu a saitin sabar, jerin ba ya da wani amfani, kowa zai iya shigowa da sunan wanka. Duk mako ka kwafe jakar duniyar taku a kan filashi, domin ɗaukewar wuta tana iya lalata ginin watanni.

Ita kwamfutar ma ka tausaya mata. Zafin Afrilu da Mayu a jihar Tawa yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe mata hanci. Kada ka ɗora ta kan katifa ko tabarma, ka sa mata 'yan duwatsu ko katako a ƙasa iska ta ratsa. Datar da sabar take ci kuma daga aljihun gida take fita, ka gaya wa yayyenka gaskiya su riƙa turo nasu kason, ba abin kunya ba ne.

Ba sai ta kwana a kunne ba. Ku tsayar da lokaci guda bayan sallar isha'i, kowa ya san shi, in ya cika a kashe, domin kai da sassafe akwai makaranta, su kuma akwai nema. Wajen sa lokacin ka tuna Kano da Yamai agogonmu ɗaya da su, Abijan tana bayanmu da awa guda, Libiya kuma tana gabanmu da awa guda. In ka ce ƙarfe tara, ka faɗi taran wace ƙasa.